Akushin Baba a Sukuntuni

Ɗalibaina suna zaton da bindiga ake ƙwace wa mutane 'yanci. Ni dai ban ga bindiga ba.

Zamanin Turawa aka hana taro a Sukuntuni sai da izini, har gayyar noma. Baba ya yi ƙorafi a kasuwa, 'yan doka suka tafi da shi Kankiya.

Inna ta ba ni akushin tuwonsa in kai wa abokan ciyayyarsa, ko kunya za ta sa su je roƙon a sake shi.

Da na kai, na ce wa babbansu, "Kawu, yaushe za ku je?"

Ya ce, "Mu da muka yi shiru, wa ya taɓa mu? Matso da miyar nan."

Suka cinye tas. Ba wanda ya je.

Ku gwada a majalisarku yau. Ku ambaci wanda aka ɗauke, ku faɗa mini ko wani ya daina tauna.