Burodin da ke Aljihun Ottmar

Gwaggo Walburga ce mai kula da murhun silimar garinmu a shekarun bayan yaƙi. Lokacin, ko da tikitinka a hannu, sai ka haɗo da dunƙulen kwal a naɗe cikin jarida, in ba haka ba sanyi ya gama da kowa. Ita ke karɓa a bakin ƙofa, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Kai Alois, wannan kwal ne ko kashin akuya? Koma ka ɗauko yayansa."

Mijinta Ottmar, da can dariyarsa ce ke hana mutane jin fim. Ya dawo daga sansanin fursunonin yaƙi na Rasha, dariyar ba ta biyo shi ba. Kullum da guntun burodi a aljihunsa, ba ya ci, ba ya bari a taɓa. Ranar da Gwaggo ta ciro shi za ta wanke rigar, riƙe mata hannu ya yi har ya kumbura. Abin ya ci mata rai. Ta taɓa ce min, "Gundel, an dawo min da rigarsa ne, mutumin yana can."

Duk Lahadi da rana takan ja shi silima, ta zaunar da shi kusa da murhu. Finafinan duk jirgi ɗaya ya kwaso su: uba mai faɗa, 'ya'ya masu ƙiriniya, suruka ta zo kwana biyu ta share wata. Mu muna ƙyaƙyatawa, shi yana kallon ƙofa.

Sai wata Lahadi uban cikin fim ya ɓoye wa surukarsa nama a cikin hula, ya kifa a ka, karen gidan ya bi shi har coci. Daga wajen murhu muka ji wani abu kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Gwaggo ta tsaya cak da shebur a hannu. Ottmar ne ke dariya, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba.

"Wawa," in ji shi. "A aljihu ake sawa."

"To, gwani, ka je ka koya masa mana," ta ce.

Ya sa hannu ya ciro burodin. Ya bushe ƙamas, sai da ya doka shi a gefen kujera ya rabe biyu. Ya miƙa mata babban.

Gwaggo, wadda haƙoranta ba su fi a ƙirga ba, ta zauna da hannunta baƙi da kwal ta cinye shi tas. Ran nan murhu ya mutu, ba wanda ya yi ƙorafi.