Gurbin Lilis a Waƙa

Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandaren ƙauyenmu da ke tsaunukan Garut, kuma har yau ban gama mamakin Bu Entin, malamar kiɗa, ba. 'Yar firit ce, ga faɗan tsiya. Makarantar ba ta da ɗakin kiɗa, a rumfar ajiye babura take tara yara, kowa riƙe da angklung ɗinsa, wani abin kiɗa na gora. Kowane ɗaya sauti guda tak yake bayarwa in an girgiza shi, don haka waƙa ba ta tashi sai kowa ya shigo a gurbinsa.

Bikin ƙarshen shekara na ƙaratowa, Mang Oding ya cire 'yarsa Lilis, ɗaya daga cikin yaran kiɗan, daga makaranta, wai ta bi uwarta tsinkar ganyen shayi. Bu Entin ta je gidansu roƙo, aka ba ta soyayyen rogo, aka sallame ta da murmushi. Na ce mata ta ba wata yarinyar angklung ɗin, a wuce wurin.

"Malam, tsaya a lissafinka," in ji ta. "Kai in an cire ɗaya daga talatin, saura ashirin da tara. Ni ba saura komai."

Na ɗauka taurin kai ne kawai.

Ranar biki duk ƙauye ya hallara, har da Mang Oding. Bu Entin ta ajiye kujera a tsakiyar yaran, ta ɗora angklung ɗin Lilis a kai. Suka ɗauko waƙar renon da kowace uwa a nan ke yi wa ɗanta. Duk inda sautin Lilis ya kamata ya shigo, sai malamar ta nuna kujerar, wuri ya yi tsit, sannan yaran su ci gaba. Ba wanda ya yi gaggawar rufe giɓin. Wallahi ban taɓa sanin shiru na da ƙara haka ba. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta share hawaye da gefen mayafi.

Waƙar ba ta ƙare ba Mang Oding ya miƙe ya fita. Na ce shi ke nan, ta kunyata mutum a bainar jama'a, yarinya ta tafi har abada.

Ran Litinin sai ga Lilis cikin kayan makaranta, yatsunta duk sun yi kanta. Bu Entin ta tambaye ta me baban ya ce.

"Cewa ya yi, je ki toshe ramin nan, ya hana ni barci."