Wayar Gidan Hayarmu

A gidan hayarmu na Takur mu shida ne, waya kuwa ɗaya, tana shagon mai gidan. Dokarsa guda ce: bai yarda da saƙon mutuwa ba sai ya buga lambar ɗan'uwanka da ka ajiye masa, ya tabbatar.

Wata Laraba aka bugo, wai ɗana na Fatakwal ya rasu.

"Iya, riƙe kukanki tukuna," in ji shi. "Ban san inda muryar nan ta fito ba."

Ya buga garejin ubangidan ɗana har sau uku, ba ta shiga ba. A na huɗu ta shiga, ya miƙo mini, sai ga muryar ɗana.

"Iya, lafiya? Hannuna duk baƙin mai ne."

Har yau ban san ɗan wa ya rasu ba, amma yana cikin addu'ata.