Malama Mai Usur da Igiyarta

Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, Malama Mai Usur ta riga ta isa bayan ajujuwa tana tsince duwatsu da fasassun kwalabe, ƙwallo ɗaya tal a hammatarta. Haka take yi tun zuwanta makarantar, kuma a zangon nan za ta ajiye aiki. Ba wanda ya shirya mata taro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Filin 'yan matan wani lungu ne da maza suka raina. Bayan raga akwai katanga, bayan katangar kuma shagon wani kafinta ne da ya rantse ƙwallon mata lalacewa ce. Duk ƙwallon da ta tsallaka sai ya soka mata ƙusa ya jefo ta kamar tsumma. Abin haushin, wadda ta fi kowa ɗaga ƙwallo sama 'yar cikinsa ce, mai buga gaba, wadda ake kira Bahaguwa. Da ya rage saura ƙwallo ɗaya, shugaban makaranta ya ce in ta fashe, an rufe maganar ƙwallon mata ke nan.

Malama ba ta roƙi kowa ba. Igiya ta samo ta ɗaura tsakanin turakun raga, daidai gwiwa.

"Duk abin da ya haura igiyar nan ba ci ba ne," in ji ta, "ko da ya yaga raga."

Bahaguwa ta turo baki. "Haba Malama, a talabijin fa sama suke bugawa!"

"Su buhu-buhu gare su, ke guda ce da ke. Sunkuyar da kai ki danne ta."

Yarinyar ta yi kuka, ta yi zuciya, ta dawo. Duk da haka wata rana ƙafa ta ƙwace mata, ƙwallon ta faɗa shagon. Malama ta zaga shagon da kanta. Maƙwabtan shagon sun shaida ta tarar da kafinta riƙe da ƙusa.

"Malama, ki koya mata abin da zai amfane ta," ya ce.

"Shi nake koya mata. Soka, malam. Gobe tsumma za mu ɗaure mu buga a bayan katangarka, har ka gaji da jin mu."

Sai ya wurgo mata ƙwallon yana ƙunƙuni. Kada a ce ya sauko, don har yau bai taɓa zuwa kallon wasan 'yarsa ba.

Bana wata ƙungiyar mata ta ɗauki Bahaguwa. Masu tsaron gida sai kuka suke, wai bugunta ƙasa-ƙasa yake zuwa, kafin ka faɗi ya wuce. Masu sharhi suna ta cewa baiwa ce. Raina yana ɓaci duk sanda na ji, don na san wadda ta sha rana a kan baiwar nan.

Malama, ke ce kika tsaya lokacin da manya suka noƙe. Ke ce garkuwar 'yan mata, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma malamai, in an hana ɗalibanku wuri, ku yi irin taurin kanta.

An ce ba za a ɗauki wata a gurbin Malama ba. Da Bahaguwa ta tambaye ta makomar ƙannenta masu tasowa a filin, Malama dariya ta yi.

"Albashi suka tsayar, 'yata. Gobe ki ce musu su zo da wuri."