Ranar da Muka Sayo Allo Mai Lanƙwasa

Ni da tsohon allon kwamfutata mun sha fama. Ina da ɗan shago a Rogo, ina buga katin biki da takardun makaranta, allon kuwa bai fi faifai ba. In na buɗe hoto rubutu ya ɓuya, in na buɗe rubutu hoto ya gudu. Idan ciniki ya yi sanyi kuma, ba na ɓoyewa, wasan tseren babur nake yi. Sai na ƙudurta sayo babba a Kano.

Tafiyar ta zo daidai da ranar komawar Yayana asibiti. Ɗan acaɓa ne, ko in ce a da. Babu lungun da bai sani ba tsakanin Rogo da Karaye, har ranar da mota ta kaɗe shi ta karya masa ƙafa. Ƙashi ya haɗe, amma tun daga nan bai sake hawa babur ba. Ya gwammace ya dogara sanda cikin rana da ya hau bayan wani. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma daga "to" sai "a'a". Wallahi abin yana ci mini rai.

Daga asibiti na ja shi shagon kayan kwamfuta. Mai shagon ya nuna mana shimfiɗaɗɗe, ya nuna wani dogo mai lanƙwasa kamar ɓarin ƙwarya.

Na ce, "Haba malam, wannan ai rana ce ta tanƙwara shi!"

Ya yi dariya, ya ce faɗinsa zai ɗauki aiki biyu gefe da gefe, lanƙwasar kuma don ido ya kamo gefuna ba wahala. Ni shimfiɗaɗɗen nake so, gudun kada layi ya fito mini a karkace a kati. Sai ya kunna tseren babur a mai lanƙwasar, ya miƙo abin tuƙin. Ledar magani na hannuna, na ce, "Yaya, ɗan riƙe mini."

Ya karɓi abin tuƙin ba don yana so ba. Titi ya buɗe, ya kewaye shi dama da hagu. A kwanar farko na ga kafaɗarsa ta kwanta. Kafin ta biyu ya waiga gefe, kamar mai duba ko akuya za ta ɓullo. Kowa ya wuce shi, shi yana tafe a natse.

Na ce, "Yaya, tsere fa ake! Murɗa mana!"

Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa ɗauko mai ciki ba."

Na juya baya wai ina duba waya, alhali hawaye ne. Na ce a sa mai lanƙwasar a kwali, kati ya karkace in ya ga dama.

Bayan la'asar muka sauka a tashar Rogo. Wani tsohon abokin aikin Yaya ya matso da babur, aka gaisa, ya kwantar da kwalin a baya, ya fara tamke shi da roba kamar buhun gyaɗa. Ni ban ga laifi ba.

"Kai, kai, kai! Za ka fasa!" in ji Yaya. "A tsaye ake ɗaukar gilashi, mutum ya rungume. Ka manta ramin bakin kasuwa?"

Na ce to bari in hau in riƙe. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai? Da wannan hannun naka kamar lagwani?"

Ya miƙo mini sandarsa. Ya daɗe tsaye, hannunsa a kan kujerar babur ɗin. Abokin ya ɗan kwantar masa da babur ɗin. Yaya ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafar da hannu biyu, ya haye. Na ɗora masa kwalin a cinya, ya rungume.

Ya ce wa abokin, "A hankali. Bi ta hagu. Hagu na ce, wa ya koya maka tuƙi?"

Ina tsaye a wurin, ina jiyo faɗansa har suka sha kwana.