Abin da Ya Rage na Gurmina

Da aka dawo da ni aiki Abuja, a Gwarimpa na kama haya. Gurmin da na koya a hannun kawuna yana rataye a bango, sai ranar Asabar da hantsi nake sauke shi in ɗan kaɗa. Maƙwabcina ɗan Filato ne, shi ke kaɗa jita a cocinsu. Wata rana ya jiyo ni ta taga, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Malam, abin nan naka akwai daɗi fa. Mu haɗa shi da jita mana. Shi ake yayi a ƙasashen waje yanzu, na gargajiya a cikin na zamani."

A falona abin ya yi kyau. In na ja ya jira ni, in na saki ya biyo. Daga nan ya kai ni situdiyon wani abokinsa a Gudu, wanda kowa ke kira oga.

Oga ya maƙala mini abin ji a kunne, wani ƙas-ƙas yana bugawa a ciki kamar agogo, ya ce shi zan bi. Na ce gurmi baki yake bi, inda mawaƙi ya ja numfashi nan shi ma yake ja.

"Kwamfuta ba ta san da wannan ba, Malam. Sake."

Na yi ta sakewa har yatsuna suka yi tsami. Waƙar kawuna ce ta manomin da ruwa ya yi wa gardama, na rera ta tun daga fari har ƙarshe.

Da aka kira mu mu ji aikin, gurmina ne ya buɗe, har na fara murmushi. Sai ganguna suka faɗo a kansa. An yanko ɗan guntu daga kiɗana ana ta maimaita shi, baitocin kuwa kalma biyu aka bari. Muryata an goge ta sumul, ni kaina ban gane ta ba.

"Oga, ina sauran waƙar?"

"Masu ji a can ba sa jin Hausa. Ƙamshin kawai suke so." Ya ƙara da cewa in zo da babbar riga jibi, za a ɗau hoto ina riƙe da gurmi.

A mota maƙwabcina yana ta kaɗa kai yana bin kiɗan. "Amma ya yi daɗi ai, Malam."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ba ƙarya ya yi ba. Na ce masa daɗi daban, waƙar kawuna daban, muka yi ta musu har gida.

Ban je ɗaukar hoton ba, waƙa ta fita a haka. A ofis abokan aiki kan kunna ta a waya, su ce, "Wai kai ne a nan?" In na ɗauko bayanin manomin da yadda baitocin suke, kafin in kai rabi sun ƙaro sauti.