Ranar da Inna Lami Ta Yi wa Maƙwabciya Liƙi

Duk wanda ya san Inna Lami a Funtua ya san ta da tambaya. Ko miya ta ɗanɗana a gidan biki, sai ta bi ta har madafa ta ji wa ya haɗa. Shekara talatin tana sayar da daddawa da kuka a cikin gida, da ƙuruciyarta kuwa ita ke kiɗan ƙwarya in mata sun taru. To ita ce Allah Ya kai Madina da bizar wata uku, don ta kula da 'yarta Naja'atu da ta haihu. Mijin Naja'atu ɗalibi ne a jami'ar Musulunci, suna haya a wani bene a unguwar Al-Sih.

Cikin sati ɗaya Inna ta gane kan gari. Ta san inda ake sayen gurasa da zafinta, ta kuma yarda, bayan doguwar gardama, cewa ruwan zafin da aka dafa da lantarki ma ruwan wankan jego ne. Abu ɗaya ya gagare ta. Kullum bayan la'asar sai wani kiɗa ya sauko daga hawan da ke samansu, dum-tak, dum-tak.

"Ke Naja, wa ke daka a sama?"

"Ba daka ba ne, Inna. Marwa ce, 'yar Masar. Rawa take koya wa 'yarta, an kusa bikinta. Don Allah kar ki je ki dame ta. Ita ta riƙe hannuna a asibiti, ba ni da kowa a benen nan sai ita."

Washegari Inna ta hau, da kwanon dambun nama a hannu.

Larabcin Inna bai wuce na salla ba, Marwa kuwa ko "sannu" ba ta sani ba, amma ta ɗauko gyale ta ɗaura wa baƙuwar a ƙugu. Nan Inna ta ga abin mamaki. Rawar da ta sani a duƙe ake yin ta, kafaɗa na aiki. Ta Masar kuwa a miƙe kyam, gwiwa a sake, ƙugu kaɗai ke magana. Marwa ta ɗora mata faranti a ka don ta daina lanƙwasa. Wadda ta tashi da ɗaukar tulu? Faranti ko gezau! Ƙugun ne ya ƙi.

"Wahda wahda, ya Hajja," in ji Marwa, wato a hankali.

"Yarinya, ƙugun nan ya haifi bakwai, ya yi ritaya," in ji Inna. Ba su fahimci juna ba, suka dai yi ta dariya.

Haka suka shafe wata biyu, har ranar lallen amarya ta zo. Mata zalla a falon Marwa, har da uwar ango da danginta. Marwa ta fito ta yi wa 'yarta rawa, irin wadda Inna ba ta taɓa gani ba. Daɗi ya kama Inna, sai ta yi abin da kowace Bahaushiya za ta yi: ta zaro takardar riyal daga jaka, ta taka har tsakar fili, ta manna wa Marwa a goshi.

Tafi ya tsaya cak. Marwa ta ɓamɓare takardar ta yar, fuskarta ta yi jawur. Uwar ango ta taɓe baki.

"Inna, kin kashe ni!" Naja'atu ta raɗa mata. "A wurinsu 'yar rawar haya ake yi wa haka. A gaban surukanta kuwa!"

Inna ta yi lissafi. Ita 'yan kwanaki suka rage mata ta koma Funtua, amma Naja'atu fa? Ga jariri, ga shekarun karatu a gaba, ga maƙwabciya ɗaya tal. Larabcin ban haƙuri kuma babu. Sai ta ciro mayafinta ta ɗaure ƙugu tamau, ta koma tsakar fili.

"Ke Naja, tashi ki liƙa mini."

"Inna!"

"Na ce ki liƙa wa uwarki su gani."

Ta miƙe kyam yadda aka koya mata, ta saki gwiwa, ƙugu ya ɗan motsa kamar mai jin kunya. Naja'atu ta ɗora mata takarda a goshi, ta ce wa matan da Larabci, "Wannan ita ta haife ni. A garinmu wanda kake ji da shi kake yi wa haka."

Sai dai sanyin na'ura ya hana Inna gumi. Takarda ta faɗo. Aka mayar, ta sake faɗowa. Naja'atu ta danne ta da yatsa tana bin uwarta zagaye falo. Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, saura suka bi.

Marwa ta jima tana kallo. Can sai ta sunkuya ta tsinci takardar da ta yar, ta zo ta tura ta ƙarƙashin ɗankwalin Inna inda ba za ta faɗi ba. Sannan ta dafa mata kafaɗun da suka soma tashi irin na Funtua.

"Wahda wahda, ya Hajja."

Inna ta rangaɗa guɗa, matan Masar suka amsa da tasu.

Yanzu tana Funtua kan daddawarta. Duk Juma'a Marwa kan sauko wa Naja'atu da kwanon abinci, ta ce a kira mata Hajja a waya ta ga ko ƙugu ya koma ritaya.